Daga Bagadaza zuwa kufan birnin Ur

Da muka kammala ziyarar Shehu Abdulƙadir Jilani a Bagadaza, abokan tafiyata suka nufi kasuwa sayen tsaraba, ni kuwa na hau motar Nasiriyya, can kudancin Iraƙi, tafiyar kusan kilomita 360. Hanya miƙaƙƙiya, ba abin kallo sai dabino da shingayen jami'an tsaro. Daga Nasiriyya na ɗauki shatar tasi zuwa Ur.

Tun daga nesa ake hango tsohuwar hasumiyar Ur mai hawa-hawa, ita kaɗai a fili fetal. Sarki Ur-Nammu ne ya gina ta wajen shekara ta 2100 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), domin Nanna, abin bautarsu na wata. Gindinta ya kai mita 64 a tsawo, 45 a faɗi, ga matakala uku da suka haɗu a sama. Amma ba ɗaki ko ɗaya a cikinta. Cunkushe take da ɗanyen tubali, aka lulluɓe shi da gasasshen bulo. Ɗakin bautar can ƙoli yake, kuma ya daɗe da rushewa.

Na matsa jikin bangon sosai. Tsakanin bulo da bulo baƙar kwalta ce a maimakon kwaɓi, har tana ɗan sheƙi a rana. Ga kuma ƙananan kafofi jere a bangon, don laimar ciki ta samu mafita. Duk wanda ya taɓa ganin yadda damina ke cin gindin katangar ƙasa zai jinjina wa maginan nan.

Direban ya nuna mini wajen da kufan tsohon birnin Eridu yake, ba nisa. A can asalin irin wannan gini yake. Mutanen ba sa sauya wa ɗakin bauta wuri: in ya tsufa sai a baje shi, a cike, a ɗora sabo a kai. Yau da gobe, dandamalin ya yi ta tashi. A Uruk, wani tsohon birnin yankin, tun kafin shekara ta 3000 kafin haihuwar Annabi Isa, an riga an ɗora farin ɗakin bauta bisa dogon dandamali guda. Ur-Nammu ya zo ya mai da abin tsari, hawa kan hawa har uku. Bayan fiye da shekara 1500 Nabonidus, sarkin Babila na ƙarshe, ya sake gyara hasumiyar ta Ur.

Leonard Woolley, Baturen Ingila mai binciken kayan tarihi, shi ne ya tone kufan Ur daga 1922 zuwa 1934. Fuskar da ake ɗauka a hoto kuwa, da babbar matakalar, yawancinsu gyaran zamanin Saddam Husaini ne a shekarun 1980. Ni dai gyaran ya yi mini tsaf-tsaf da yawa; tarin tubalin da ya zaizaye a sama ya fi riƙe mini ido. Zafi ya kore ni kafin azahar, direba na ta danna oda.