Tsakanin lambar NIN da alamar dabba

Duk sa'ad da gwamnati ta fito da sabuwar lamba, mu masu jagorantar nazarin Littafi Mai Tsarki mun san aiki ya same mu. Da aka kawo BVN a 2014, an ce alamar dabba ce, wadda littafin Wahayin Yahaya ya ambata. Da aka ce a haɗa NIN da layin waya a ƙarshen 2020, an ce to, yanzu kam ita ce. Allurar korona ta sha nata rabon. A farkon 2023 kuwa, da takardun naira suka ɓace, mutane na kwana a layin banki, saƙonnin murya a WhatsApp sun yi ta yawo a unguwarmu ta Narayi cewa ga shi nan ya cika, ba mai saye ba mai sayarwa sai mai lamba.

Ban cika yin dariyar wannan ba, domin na ga abin da yake jawowa. Wata mama a Zumuntar Mata ta cocinmu, mace mai addu'a wadda ba ta fashin sujada ko ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, ta hana autanta yin rajistar NIN. Ga shi tun 2021 ba a rajistar jarrabawar JAMB sai da ita. Yaron ya zo wurina kansa a sunkuye, na bi shi har gida. Na tarar da ita tana tsince wake a faranti. Bayan gaisuwa na ce, "Mama, me Wahayin Yahaya sura 13 ta ce game da alamar nan?" Ta ce, "Malam, ai an ce a hannun dama ko a goshi, kuma ba ciniki sai da ita." Na ce haka ne, amma mu karanta daga farkon surar. Muka karanta tare, a tsohon Littafinta wanda bangonsa ya sha gyara da salatif. Tun kafin a kai aya ta 16, surar ta yi ta maimaita abu guda: sujada. Mutane suna yi wa dabbar sujada, wanda ya ƙi a kashe shi. Na ce, "Mama, a ofishin rajistar nan, akwai wanda zai ce wa yaronki ya musunci Yesu kafin a ɗauki hotonsa?" Ta ture farantin gefe ta ce za ta yi addu'a a kai. Yaron dai yana makaranta yanzu.

Abin da muke yawan mantawa shi ne littafin nan wasiƙa ce, kuma tana da adireshi. Yahaya ya rubuta ta daga tsibirin Fatmos zuwa ga ikilisiyoyi bakwai: Afisa, Simirna, Birgamas, Tayatira, Sardisu, Filadelfiya da Lawudikiya, dukansu a yammacin ƙasar Turkiyya ta yau. Yawancin masana suna sa rubutun a ƙarshen mulkin Domitiyan, wanda ya yi sarautar Roma daga shekara ta 81 zuwa 96. A garuruwan nan akwai haikalin bauta wa Kaisar. Birgamas ta gina nata tun zamanin Agustas, kuma a can aka kashe Antifas, wanda sura ta 2 ta ambace shi da suna. Mai sana'a da ya ƙi shiga bukukuwan gumaka na ƙungiyar 'yan sana'arsa yakan rasa ciniki. Daga baya ma, a shekara ta 250, sarki Desiyus ya ba da umarni kowa ya miƙa hadaya ga alloli ya karɓi takardar shaida. Waɗanda suka fara jin sura ta 13 ba su bukaci wani ya fassara musu ita ba, a cikinta suke zaune.

Ita kanta 666 ɗin, lambar dabbar da ke ƙarshen sura ta 13, tsoffin masu karatu da yawa sun ga Nero a cikinta, sarkin da ya ɗora wa Kirista laifin gobarar Roma ta shekara ta 64 ya yi musu kisan gilla. A Ibrananci kowane harafi yana da lissafinsa, kuma in aka rubuta sunansa da sarautarsa aka tara, 666 ake samu. Akwai ma tsoffin kofe da suke da 616, wanda ya yi daidai da yadda ake faɗin sunan a Latin. Ban ce a nan maganar ta ƙare ba. Na yarda duk mulkin da ya nemi a ba shi abin da yake na Allah ya ɗauki halin dabbar nan, kuma na yarda akwai na ƙarshe da zai zo. Amma tun da an san irin halin, sai a nemi halin, a bar ƙirga lambobin katin banki.

Maganar fyaucewa, wato ɗauke masu bi daga duniya zuwa wurin Almasihu, ita ma haka take. Da yawanmu mun tashi da zanen nan na allo: fyaucewa tukuna, sai shekara bakwai na babban tsanani, sai mulkin shekara dubu. Na daɗe ina tsammanin kowane Kirista a duniya haka ya fahimta. Ashe tsarin raba fyaucewa da zuwan Almasihu na biyu, John Nelson Darby ne ya yaɗa shi daga shekarun 1830, sa'an nan Littafi Mai Tsarki mai sharhin Scofield na 1909 ya kai shi ko'ina. Agustin na Hippo, ɗan Afirka ta Arewa da ya rasu a shekara ta 430, ya ɗauki shekara dubun a matsayin zamanin ikilisiya da muke ciki, kuma 'yan'uwanmu Katolika da wasu manyan ɗariku suna kusa da wannan fahimta har yau. Ni har yanzu ina jingine da abin da aka koya mini tun ina yaro, sai dai na daina kallon maƙwabcina ɗan Katolika kamar wanda bai karanta Littafinsa ba. Duk mun yarda zai dawo, zai yi wa rayayyu da matattu shari'a.

Masu sa rana kuwa, tarihinsu bai da daɗin ji. William Miller a Amurka ya yi lissafi daga littafin Daniyel, mabiyansa suka tsayar da 22 ga Oktoba 1844, wasu har suka bar amfanin gona bai girbu ba. Gari ya waye lafiya lau. Harold Camping ya sa 21 ga Mayu 2011, da ta wuce ya matsar zuwa Oktoba. Duk da Matiyu 24:36 tana nan, inda Yesu ya ce ranar nan da sa'ar ba wanda ya sani sai Uba.

Amma mu a Kaduna sai a yi mana adalci. Wanda ya ga rikicin Fabrairun 2000, ya ga na Nuwamban 2002, ya ga abin da ya biyo bayan zaɓen 2011, ya ga yadda kogi ya raba garin nan biyu, Kirista suka tattara kudu Musulmi suka tattara arewa, in ya ce duniya ta zo ƙarshe ba sakarci ya yi ba. Jiki magayi. Wanda aka sace masa ɗa a hanyar ƙauye, ya sayar da gona ya biya kuɗin fansa, ba za ka tsaya masa da darasin tarihin Roma ba. Maƙwabtanmu Musulmi ma, in ka zauna da su a kasuwa, maganar alamomin tashin kiyama suke yi. Gajiya ce ta kama kowa.

Shi ya sa nake ganin asara muke yi in muka mai da littafin nan abin tsoratarwa. Wasiƙar Simirna, garin da ake kira Izmir yanzu, aya huɗu ce kacal. Almasihu ya ce musu ya san wahalarsu da talaucinsu, ya ce za a jefa wasunsu kurkuku, ya ce su yi aminci har mutuwa. Bai yi musu alkawarin za su tsallake wuyar ba. Bayan shekaru kamar sittin, a garin nan aka ƙone tsohon bishof ɗinsu Folikaf saboda ya ƙi zagin Almasihu. Ranar da muka karanta wannan wasiƙa a nazarin Laraba, wani dattijo da ya baro ƙauyensu a Kajuru bayan hari ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, sake karanta wurin talaucin nan." Sau biyu ya sa na maimaita. Shekara da shekaru yana jin wa'azin Wahayin Yahaya, kullum a kan ƙahoni goma ne da wace ƙasa ce Gog.

A Matiyu 24 ɗin da muke yawan jawowa, Yesu ya ce za a ji labarin yaƙe-yaƙe, kada a firgita, ƙarshen tukuna. Wani ɓangaren maganarsa a kan Haikalin Urushalima ne, wanda sojojin Titus suka rushe a shekara ta 70. Bulus kuma, da ya ji wasu a Tasalonika sun ajiye aiki suna zaman jira, bai yaba musu ba. Ya ce wanda ya ƙi aiki kada ya ci.

Mun yanke shawara da Fasto cewa a wannan zangon ba za mu taɓa sura ta 13 ba sai mun gama wasiƙun nan bakwai, ɗaya a kowace Laraba da ƙarfe biyar. Matasa sun ɗan yi gunaguni, su dabbar suke so a fara da ita. Mako mai zuwa Birgamas ce, na kuma roƙi kowa ya karanta Littafin Ƙidaya sura 22 zuwa 25 kafin ya zo, saboda maganar Bal'amu da ke ciki.