Laraba a ɗakin gwaje-gwaje

Tun bayan sallar Asuba ban koma barci ba, don yau ne zan auna sinadarin IL-6, mai isar da saƙon kumburi tsakanin ƙwayoyin jiki, a ruwan da nake renon ƙwayoyin sankarar ƙwaƙwalwa, mugunyar nan da ake kira giliyobilastoma. Faranti ne mai 'yan ramuka 96. Ina ɗiga ruwan ƙarshe, shuɗin ya juye ruwan ɗorawa, kuma ramukan da na haɗa sankarar da maikurogiliya sun fi sauran rinewa nesa ba kusa ba, alamar IL-6 ya fi yawa a cikinsu. Na daɗe ina kallon su, jikina ya yi sanyi.

Maikurogiliyan nan fa dakarun garkuwar jiki ne da ke zaune cikin ƙwaƙwalwa. Idan an ji rauni su ne ke kawo ɗauki, su tayar da kumburi, su share wurin, sannan ƙura ta lafa. Amma wannan ciwo kiran su yake yi, su da 'yan uwansu makurofaj da ke zuwa ta jini, har sukan kai kashi ɗaya cikin uku na ƙullutun. Sai su riƙa zubo sinadaran kumburi TNF da IL-6, waɗannan kuma su kunna NF-κB da STAT3, wasu sinadarai masu sarrafa aikin ƙwayoyin halitta, a cikin ƙwayar sankarar. Da zarar sun kunnu, ƙwayar ta ƙi mutuwa, ta kutsa cikin lafiyayyen nama, ta ƙara jure gashin da ake yi mata da hasken radiyeshan, ta kuma sake fitar da wani IL-6 ɗin. Ɓarawo ya saye masu gadi, su ke buɗe masa ƙofa.

Bayan Azahar na kai wa malamata sakamakon. Ta ce kada in yi saurin murna, abin da ya yi aiki a faranti sau da yawa ba ya ƙetare shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa. Gaskiyarta, amma abin yana ci mini rai. Tun 2005 maganin bai sauya sosai ba: tiyata, gashi, da maganin sankara mai suna temozolomide, kuma rabin marasa lafiya ba sa wuce kimanin wata 15. Sanata John McCain na Amurka, da duk gatan da yake da shi, wannan ciwon ne ya zama ajalinsa a 2018.

Da dare Umma ta kira. Na ce, "Umma, ku sa mu a addu'a." Ta ce Allah ya dafa, ya bai wa masu ciwon lafiya. Gobe in sha Allah zan maimaita gwajin, amma da maganin da ke toshe STAT3, in ga ko launin zai ragu.