Karen Gadi Ba Mugunta Ake Koya Masa Ba

Duk wanda ya ji ina da karnuka a gona, tambayarsa ta farko ita ce, "Suna da faɗa?" Ba mai tambayar ko an yi musu allura, ko suna jin kira. A wurin yawancin mutanenmu amfanin kare shi ne ya zama abin tsoro, shi ya sa ake ɗaure shi a lungu tun yana kwikwiyo, a hana shi ganin kowa, wasu har barkono suke barbaɗa masa a abinci wai don zuciyarsa ta yi zafi. Shekarun da na yi ina kiwonsu sun nuna mini cewa karen da ya fi iya gadi shi ne mai natsuwa, wanda ya san na gida ya san baƙo.

Gonata tana bayan Zariya, ta hanyar Giwa. Kaji ne da tumaki da 'yar masara. Da ɓarayi suka matsa mana da tsallako katanga, sai mai gadina, wani dattijo da ya yi farauta a ƙuruciyarsa, ya ce, "Alhaji, idona biyu ne, kuma barci ba ya shawara. Ka samo mana kare." Na fara zuwa wurin malamin unguwarmu. Ya ce hadisin da ya yi maganar raguwar lada ga mai ajiye kare ya ware karen farauta da na kiwo da na gona, kuma a mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, ko da yake ana wanke ƙwaryar da ya sha a ciki sau bakwai. Sai ya ƙara da wadda ban tambaya ba: in tuna matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba. "In ka ɗauko shi, amana ka ɗauko," in ji shi.

Wani aboki ya kai ni Kaduna gidan wani mai sayar da karnukan waje. Watan Maris ne, rana ta take. Kejin ƙarfe ne a jere ƙarƙashin rufin kwano, wari tun daga bakin ƙofa. A na farko wani ƙaton kare ne mai gashi buzu-buzu, irin na tsaunukan Kokeshiya masu dusar ƙanƙara, yana kwance ya zaro harshe yana haki, kwanon ruwansa a kife. A na gaba karya ce 'yar Jamus, ana iya ƙirga haƙarƙarinta, gashin bayanta ya zube, nonuwanta har suna taɓa ƙasa. 'Ya'yanta sati biyar ke nan da haihuwa, amma an riga an sa musu kuɗi, kowanne ya fi ragon layya tsada. Na nemi ganin ubansu. Da aka fito da shi sai na ga ƙafafunsa na baya suna tangaɗi, in ya zauna da ƙyar yake tashi. Muna cikin hira mai gidan ya faɗa mini, cikin alfahari ma, cewa wannan karen shi ne kuma uban karyar. "Ai haka jinin yake ƙara tsabta, Alhaji."

Daga baya likitan dabbobi ya yi mini bayanin abin da na gani. Ciwon ƙugu ne da manyan karnuka irin na Jamus suke gada, inda kan ƙashin cinya ba ya zama daidai a gurbinsa. In aka haɗa uba da 'yarsa, duk wani aibi da ke ɓoye a jinin sai ya ninka a 'ya'yan, na jiki da na hali. Karyar kuwa, duk lokacin da ta nemi namiji ake barbararta, ba hutu, har ta ƙare. Ban ce duk masu wannan sana'a haka suke ba. Akwai waɗanda za su nuna maka uwa da uba da katin allura, su ƙi ba ka kwikwiyo sai ya cika sati takwas, har su tsare ka da tambayar ina za ka ajiye shi. Irin waɗannan ba su da yawa, kuma alamarsu ita ce ba sa gaggawar karɓar kuɗinka.

Na dawo hannu rabbana. Baba mai gadi ya yi dariya, ya ce mu je wata ruga da ya sani. Can muka sami karya ta gida, ja, doguwa, mai siririn ciki, da 'ya'yanta. Baba bai fara kallon 'ya'yan ba, uwar ya tsaya yana nazari: ta yi mana haushi da muka doso, da mai rugar ya yi magana ta yi shiru ta koma ta kwanta tana kallonmu. Sannan ya saki kwanon silba a ƙasa. Wasu kwikwiyoyin suka ruga bayan bukka ba su dawo ba, ɗaya ta firgita, ta tsaya, ta dawo tana shinshina kwanon. "Wannan ce," ya ce. Muka bar ta wurin uwarta har ta cika wata biyu, domin a wannan tsakanin ne kwikwiyo yake koyon sassauta cizo a wasa da 'yan'uwansa. Baba ya raɗa mata suna Bar-su, irin sunan habaicin da mafarauta suke sa wa karnukansu. Muna raina karen gida, alhali dogon karen nan na Buzaye da ake kira Azawak, na yankin Nijar da Mali, tun shekarun 1970 Turawa suka kwashi irinsa zuwa ƙasashensu, yanzu da takarda ake sayar da shi.

Abinci bai ba ni wahala ba. Tuwon masara ko ƙanzo da aka jiƙa, a haɗa da kan kifi, ko huhu da tumbi daga kwata a dafa su sosai, wani lokaci ƙwai da ya fashe a ɗakin kaji. Tuwo zalla ba ya gina kare, sai dai ya cika masa ciki. Tana ƙarama sau uku ko huɗu a rana, da ta girma sau biyu, kuma a kan lokaci. Miyar gida ba na bayarwa saboda albasa, wadda take lalata jinin kare a hankali. Dafaffen ƙashin kaza ma haka, yana tsagewa ya soki hanji. Goro da cakulan guba ne a wurinsa, haka nan maganin ciwon jiki na mutane. Ruwa kuwa ba ya yankewa a inuwa.

A makonninta na farko a gona Baba ya sa ta ga komai: tumaki, babur, masu ɗaukar ƙwai, mata masu sayen taki, almajiran da ke zuwa ɗiban ruwa. Abin da kwikwiyo ya saba da shi kafin ya kai sati goma sha biyu zuwa sha huɗu, ba ya tsoronsa in ya girma, kuma yawancin cizo daga tsoro yake fitowa. Yaran ma sai da muka koya musu nasu: ba jifa, ba gudu a gabanta, ba taɓa ta tana cin abinci.

Darasin kaji shi ne ya fi burge ni. Baba zai zauna a tsakiyar kajin yana ɓarzar masara, Bar-su a gefensa da doguwar igiya, aljihunsa da gutsuren busasshen kifi. Kaza ta gifta, sai ka ga kunnuwanta sun miƙe, jikinta ya sandare, idonta ya kafe. A daidai wannan lokacin, tun ba ta ɗaga ƙafa ba, zai ce "Bari," sau ɗaya, murya ƙasa-ƙasa. Da zarar ta juyo ta kalle shi, kifi ya shiga bakinta. In ta zabura, igiya ta tare ta, ba duka ba tsawa, a sake daga farko. Kaɗan-kaɗan kullum, har ta kai kaza tana tsattsaga kusa da hancinta ita kuwa sai ta kalli Baba. Na tambaye shi batun masu rataya wa kare mushen kazar da ya kashe a wuya. Ya ce, "Alhaji, kare ba ya haɗa dukan safe da laifin dare. In ka zo da safe ka dake shi, abin da ya koya shi ne zuwanka masifa ce." Haka kuma bai yarda a daki kare don ya yi gurnani ba. Gurnani gargaɗi ne. Wanda aka hana shi gargaɗi, wata rana cizo kawai za a gani.

Da rana tana sake a cikin katanga, da dare ta zagaya. Haushinta kala-kala ne, kuma Baba ya san na bushiya ya san na mutum. Ba ta taɓa cizon kowa ba, satar kaji kuma ta tsaya, don ɓarawo abin da yake gudu shi ne a tashi daga barci.

Allura kam ba na wasa da ita. Ta parbo, cutar amai da gudawar jini da take kashe kwikwiyoyi cikin 'yan kwanaki, ana farawa daga sati shida zuwa takwas a yi ta maimaitawa. Ta haukan kare a wata uku, sannan duk shekara. Nakan kai su asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello, kuma cibiyar binciken dabbobi ta Vom da ke kusa da Jos, wadda take can tun 1924, tana yin wannan rigakafin a nan gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar haukan kare tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma da zarar alamunta sun bayyana sai dai addu'a. Wanda kare ya ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ya tafi asibiti a ranar. Ƙona gashin karen a shafa a ciwon ba ya maganin komai. In karen na gida ne mai lafiya, a killace shi kwana 10 ana lura da shi. Kaska kuma da maganin likita ake kashe ta, ban da fiya-fiya da baƙin mai da nake gani ana shafa wa karnuka.

Da Bar-su ta fara neman namiji, karnukan ƙauyen duk suka tare a bakin ƙofarmu. Na kulle ta kusan sati uku har abin ya wuce, don jikinta bai gama ƙwari ba. Sai da ta haura shekara biyu na bari aka barbare ta da wani karen ruga da muka san halinsa, wanda ba danginta ba, kuma sai da na sami manoman da suka yi alkawarin karɓa. Bayan kimanin kwana 63 ta haifi shida. Nan na ga masu nema iri-iri. Wani saurayi ya ce a ba shi namiji zai yanke masa kunnuwa ya horar da shi faɗa da karnukan unguwa. Wani kuma, da na matsa da tambaya, ashe tara karnuka yake yana kaiwa kasuwar garin Dawaki a Filato, inda ake sayen karnuka don ci. Duk na hana su. Na riƙe baƙin da ke cikinsu, Duna, sauran suka tafi gonakin mutanen da na sani, kowanne da katin allurarsa.

Bayan ta yaye su na kai ta aka cire mata mahaifa. Wani ɗan'uwana ya ce zalunci ne hana dabba haihuwa. Na ce ya je bayan kasuwa ya ga kwikwiyoyin da ake zubarwa a bola cikin buhu, da waɗanda suka rayu suna yawo ba allura suna bin yara. Gonakin da na amince da su sun riga sun samu, haihuwa ta biyu ban san hannun da za ta faɗa ba. Likita kuma ya ce aikin yana kare ta daga ruɓar mahaifa da ke kama karyar da ta manyanta. Wahalar kawai ita ce hana ta lasar ɗinkin har ya warke, sai kuma ƙiba da ta fara yi, muka rage mata tuwo. Duna ma an yi masa fiɗiya, ya rage yunƙurin tsallake katanga in ya ji ƙanshin mace a ƙauye. Masu zuwa neman kwikwiyo yanzu nakan haɗa su da Baba ya kai su ruga, da sharaɗin su biya kuɗin allurar farko kafin su ɗauka.