Yadda za a sa yara su ci ganye a abincin dare

Yawancin yara ɗacin ganye ne da zarensa ke korarsu. Zogalen da ake kawowa daga Jiratawa, wani gari kusa da Maraɗi, idan ɗanye ne, a tsince shi tsaf, a cire ƙananan sanduna, domin su ne ke maƙale wa yaro a wuya har ya tsani abincin. A tafasa shi minti 15, a tsiyaye ruwan, a matse. Wasu suna zuba kanwa da yawa don ya yi saurin laushi, amma tana kashe wani sashe na bitamin, tana kuma sa ganyen santsi. Ɗan guntu ya isa.

Dambu ne hanya mafi sauƙi. Kofi 3 na tsakin masara, kofi 2 na dafaffen zogale, albasa 1, karoti 2 da aka goge. A turara sau biyu, a yayyafa ruwa tsakani, in ba haka ba tsakin zai fito da tsauri. A ƙarshe a zuba man gyaɗa cokali 4 da garin ƙuli-ƙuli. Man nan yana da amfani, domin maiƙo yana taimaka wa jiki wajen karɓar bitamin A na ganye da karoti.

Uwargida, ki ware yaji gefe, na manya ne.

Daren tuwo kuwa, a dame kabewa cikin miyar taushe har ta narke. Zaƙinta yana rufe ɗanɗanon alayyahu, wanda za a yanka ƙanana a zuba minti 5 kafin a sauke tukunya.