Cediyar da na yi wa gaggawa

A lambun renon shuke-shuken da nake koyon aiki akwai wata tsohuwar cediya a bakin rijiya. Da rassanta na fara gwada bonsai, fasahar nan ta Japanawa ta renon itace a ɗan kasko har ya tsufa bai yi tsawo ba. Su ma daga Sin suka ɗauko ta.

Dabarar da suke kira toriki na bi. Reshe yana jikin uwarsa za ka zagaye shi da wuƙa ka ɓare ɓawon, faɗin wurin ya kai kusan ninki biyu na kaurin reshen, ka kankare santsin da ke manne da itacen, ka lulluɓe da abu mai riƙe danshi, ka ɗaure da leda. A can gansakuka suke sawa, ni kuwa diddigar katako na jiƙa, don ita ce a kusa. Ruwa zai ci gaba da hawa ta cikin itacen, amma abincin da ganye ke haɗawa ya rasa hanyar sauka, sai ya taru a saman yankan. Nan saiwa ke fashewa.

Rassa biyu na ɗaure a farkon damina. Cikin mako 6 fararen saiwoyi suka cika ledar, na yanke na dasa. Sai da na ja da baya na dube su na ga abin da na samu: sanda tsirara, ganye can a ƙololuwa kamar an kafa tsintsiya. Alhali a bonsai ana son reshen farko ya fito wajen kashi ɗaya bisa uku na tsayin itacen.

Na karanta cewa kan reshe yana sakin wani sinadari, oksin, mai danne idanun toho da ke ƙasa da shi, in an sare kan sai su farka. Ban tsaya ƙarasa karatun ba. A makon nan na datse kan ta farko, ban bar mata ganye ko ɗaya ba. Baba mai lambu ya zo wucewa da bokiti, ya tsaya. "Kai yaro, yanzu da me za ta ci?" Na ce masa ai haka ake yi. Bai ƙara magana ba.

Toho ya fito kuwa, guda uku, har na fara taƙama. Kafin mako uku sun yi baƙi. Da na zare ta, saiwoyin sun kakkarye, domin ban ɗaure ta a kaskon ba, iska tana ta girgiza ta, ga shi babu ganyen da zai ciyar da sababbi.

Rabin karatun da na tsallake shi ne wannan: sinadarin da ke tayar da idanun, saitokainin, galibi daga saiwa yake hawowa. Saiwar toriki kuwa jaririya ce, taɓawa kaɗan ta karye. Ashe abin da ke tura toho a ƙasa yana cikin kasko, ni kuma ina fama da almakashi a sama.

Ta biyun Baba ya ɗaure ta da waya ta ramin gindin kaskon, ya sa ta a inuwa mako biyu, sannan rana. Ya ce kada in kuskura in taɓa ta. Ta yi ta tsawo yadda ta ga dama, munin abin yana damuna, na daure. Taki kaɗan-kaɗan, ruwa in saman ƙasar ya bushe. Hunturu ya wuce, saiwa ta leƙo ta ƙasan kaskon.

Sai da hadari ya fara haɗuwa na sare kan, na bar ganye huɗu. Nakan juya kaskon duk mako don rana ta taɓa jikin ta kowane gefe, tunda idon da ke inuwa ba ya son farkawa. Toho bakwai suka fito a tabon tsofaffin ganyaye, biyu a daidai inda nake so. Akwai wani can kusa da ƙasa, a muguwar kusurwa, na kai hannu zan tsinke shi. Baba ya ce in bar shi ya yi ta gudu, shi zai kaurara gindin, in ya gama aikinsa a cire. Yanzu ya fi kamu biyu, yana nan ya miƙe ta wajen rijiya.