Wuni guda a kasuwar Qingping, kan saiwar furfura

Gwanzu, ƙasar Sin, Asabar da dare.

Kasuwar Qingping, ta magungunan gargajiya, ita ce ta cinye wunin yau. Tana unguwar Liwan, tsallaken titi daga tsibirin Shamian, kuma tun daga bakin layi ƙamshin saiwoyi da busasshen ɓawon lemo ke tarbar mutum. Wani Alhaji ɗan kasuwa da ya sauka a Xiaobei, unguwar da 'yan Afirka ke yawan sauka, shi ne aka yi wa sautu daga gida. Ƙaninsa bai cika talatin ba furfura ta fara fito masa, goshi kuma yana ta ja da baya, shi ne ya ce a zo masa da "maganin 'yan Sin ɗin nan da ake nunawa a Facebook". Alhaji ya ce in raka shi, kada a sayar masa da gaibu.

Duk mai wannan magana saiwa guda yake nufi, he shou wu. He sunan mutum ne, shou kai, wu kuma baƙi wuluk kamar hankaka. Labarin ya samo asali tun daular Tang, wai wani ya dimanci cin saiwar har ya tsufa kansa baƙi. Tatsuniya ce, amma har gobe ita ke sayar da kayan.

Mai shagon ya ajiye mana faifai biyu. A na farko ɗanya ce, an yanka ta fale-fale, ja-ja mai haske, gari-gari kamar busasshen rogo. A gefen kowane yanki akwai 'yan da'irori 4 zuwa 11 da suka yi zobe kamar gajimare, kuma da su ake gane ta gaske. A na biyu dafaffiya ce, ta yi duhu ciki da waje, ga tauri, in ka karya sai ka ga tana sheƙi kamar ƙaho. A wajen likitocin gargajiyar Sin magunguna biyu ne daban. Ɗanyar ta sakin ciki ce da maruru, babu ruwanta da gashi. Dafaffiyar ce ake cewa tana ƙara jini, ta ƙarfafa hanta da ƙoda, ta baƙanta gashi. Ita kuwa wadda ake tallatawa a bakin titi da siffar mutum, har da hannu da ƙafa, sassaƙa ce ko kuma a cikin mazubi aka raine ta. A bar wa masu yawon buɗe ido.

Yadda ake dafa ta rubuce yake a kundin magunguna na gwamnatin Sin. Kowane kilo 100 na saiwa yana cin kilo 10 na baƙin waken suya. A tafasa waken kamar awa 4 a tace ruwa kilo 15, a sake zuba wa dusar ruwa a tafasa awa 3 a samu kilo 10. A kwaɓa saiwar da wannan ruwan kilo 25, a zuba a mazubin da ba na baƙin ƙarfe ba, a dafa ko a turara har ta shanye ruwan tas, sannan a shanya. Mutanen da sau tara suke turarawa, sau tara suna shanyawa. Amfanin wahalar shi ne zafi yana karya sinadaran da ke sa gudawa. Nan ne masu ha'inci ke yanke hanya: a turara sama-sama, waje ya yi baƙi, ciki na nan ɗanye. Na karya yanki uku daga buhu daban-daban, ɗaya ya fito da ja a tsakiya. Mai shagon ya janye buhun bai ce uffan ba.

Sai maganar awo, inda aka fi yin ɓarna. Kundin ya ce ɗanya giram 3 zuwa 6 a rana, dafaffiya 6 zuwa 12, kuma a hannun likita. A 2014 hukumar abinci da magunguna ta Sin ta yi gargaɗi cewa saiwar na iya lahanta hanta, ta kuma rage abin da za a sa a kayan ƙarin lafiya da ake saya ba takarda zuwa giram 1.5 na ɗanya ko 3 na dafaffiya. Ingila ta riga ta yin irin gargaɗin tun 2006. Cokali ɗaya na garinta ya haura wannan iyaka, ga shi mutanenmu da cokali suke awo, kuma a ganinsu in ɗaya ya yi, biyu sun fi.

Ciwon yakan bayyana daga 'yan kwanaki zuwa 'yan watanni da farawa: kasala, tashin zuciya, abinci ya fita rai, fitsari ya koma kamar baƙin shayi, ido ya yi rawaya irin na shawara. Galibi in an daina ana warkewa, amma an samu waɗanda hantarsu ta tsaya, kuma wanda ya taɓa kamuwa in ya koma sha yakan sake kamuwa. Dafawa tana rage haɗarin, ba ta kawar da shi, domin wasu a jininsu abin yake, sun gaji wani nau'in ƙwayar halitta da ake kira HLA-B*35:01. Na tambayi Alhaji ko ƙanin nasa ya taɓa gwajin ciwon hanta nau'in B, wanda ya yi yawa a wajenmu kuma da dama ba su san suna ɗauke da shi ba.

"Wallahi Malam, ban sani ba. Lafiyarsa ƙalau dai a ido."

"To Alhaji, a ido ba a ganin hanta. Sai ya yi gwajin, da na ALT da AST masu nuna lafiyar hanta, kafin a yi zancen saiwar nan."

Ba kasafai likitan Sin yake ba da ita ita kaɗai ba. A iliminsu gashi rarar jini ne, kyansa kuma daga ƙoda yake, don haka sai ya duba harshe, ya dafa jijiyar hannu, ya tambayi barci da ciwon baya kafin ya rubuta haɗi. Wanda ya fi suna shi ne Qi Bao Mei Ran Dan, mai kaya bakwai, wanda Li Shizhen ya kawo a babban littafinsa na magunguna da aka buga a 1596. Cikin bakwai ɗin akwai wani iri da ake kira bu gu zhi, shi ma an san shi da taɓa hanta, wato nauyi biyu a wuri guda. Mai sauƙinsa Er Zhi Wan ne, kaya biyu daidai wa daida: 'ya'yan nu zhen zi da ganyen mo han lian. Yana da sanyi, mai lalataccen ciki zai iya samun gudawa. Wani abin da ba a rubutawa a talla, yawancin nu zhen zi da giyar shinkafa ake turara shi, haka ma wasu kayan haɗin farko da giya ake jiƙa su. Na shafawa ma, ganyen da ake kira "ce bai ye", a barasa ake tsima shi kwana 7. Musulmi ya tambaya kafin ya biya.

Mai son dafa haɗin da kansa ya jiƙa shi rabin awa a ruwan sanyi cikin tukunyar ƙasa, in ya tafasa ya rage wuta kamar minti 40, ya tace, ya sake dafawa, ya haɗa ruwan biyu ya raba safe da yamma. Tsoffin littattafai sun hana haɗa he shou wu da tafarnuwa da albasa, abin da ya sa Alhaji dariya, ya ce to da me za a yi miya.

Citta kuwa da ake gogawa a kai, wani bincike da aka yi a nan Gwanzu a 2013 ya nuna sinadarinta rage tsiron gashi yake yi a ɓeraye.

A ganina ƙanin Alhaji sanƙon gado ne ke tafe masa, tunda goshi ne ke ja da baya, kuma irin wannan, maganin shafawa na kemis mai suna minoxidil ya fi kowace saiwa hujja a kansa. Furfurar wuri ma yawanci gado ce, sai dai a duba ƙarancin bitamin B12 da ciwon maƙoƙo. Gashin da ya zube wata 2 zuwa 3 bayan zazzaɓi mai tsanani ko haihuwa da kansa yake dawowa. Makero maganin kashe ƙwayar cutar yake so, matsattsen kitso kuma a sassauta. Gashi santimita ɗaya yake yi a wata, don haka mai cewa kwana goma kai zai yi baƙi, rini yake sayarwa.

Da la'asar muka fito. Alhaji ya sayi "jin" biyu na baƙin riɗi a ma'aunin Sin, wato kilo ɗaya, a soya sama-sama a daka, giram 9 zuwa 15 a rana cikin kunu. Ya ɗauki hoton faifan nan biyu ya tura wa ƙaninsa tare da sunayen gwaje-gwajen, ya ce in sakamako ya fito kafin jirginsa na Alhamis, za mu je wajen likita a rubuta awo.