Laffey, jirgin da ya ƙi nutsewa a Okinawa

Cikin jiragen ruwan yaƙin Amurka na Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tarihinsa ya fi tsaya mini a rai shi ne USS Laffey, ɗaya daga cikin ƙananan jiragen nan masu gudu waɗanda aikinsu rakiyar manyan jirage da farautar jiragen ƙarƙashin teku. An ƙera shi a garin Bath na jihar Maine, ya fara aiki a Fabrairun 1944, kuma ranar 6 ga Yuni yana gaɓar Nomandi lokacin da dakarun ƙawance suka sauka Faransa. Bayan 'yan makonni wani harsashin igwar Jamusawa ya huda shi a kusa da Cherbourg, amma bai fashe ba.

Ranar da ta fito da sunansa ita ce 16 ga Afrilu, 1945. An ajiye shi a teku, arewa da tsibirin Okinawa na Japan, a matsayin ɗan tsaron gaba, yana hango jiragen saman Japan da na'urar rada domin ya sanar da babbar rundunar tun da wuri. A ganina wannan aiki bai da maraba da kafa mutum a bakin ƙofa ya tare wa 'yan gida mashi, domin matuƙan ƙunar baƙin wake sukan afka wa jirgin da suka fara gani. Cikin minti 80, jiragen sama 22 suka yi masa ca. Shida suka faɗo a kansa, bama-bamai huɗu suka same shi, ƙarfen da ke juya akalarsa ya cije har ya koma yana kewaya wuri ɗaya cikin wuta da hayaƙi. Mutum 32 suka mutu, 71 suka jikkata, amma kwamandansa, Frederick Becton, ya ƙi ba da umarnin a gudu a bar jirgin.

Ana yawan cewa sa'a ce ta cece shi. Ni na fi ba da ƙarfi ga ma'aikatan da suka yi ta kashe gobara suna kwashe ruwan da ke kwarara ciki, da kuma jiragen saman Amurka da suka kawo ɗauki a tsakiyar artabun.

Bayan an yi masa gyaran wucin gadi, da ƙarfin injinsa ya ƙetare Tekun Fasifik har birnin Seattle na Amurka. Ya sake shiga fagen daga a Yaƙin Koriya, inda ya yi musayar wuta da igwoyin gaɓar Wonsan a 1952, sannan aka sallame shi daga aiki a 1975. Tun 1981 yana Patriots Point a jihar South Carolina, inda aka mai da shi gidan tarihi.